Lacca: Sanya Injin Tururi a Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Rimot

Jama'a, assalamu alaikum. Bari mu fara da abin da ya raba injin tururi da injin batir. Jirgi mai batir in ya sami matsala a tsakiyar tafki, tsayawa kawai zai yi. Mai tururi kuwa wuta ce ke ci a cikinsa, ga tukunyar da ke tafasa ruwa ya zama tururi cike da matsi, kai kuma kana bakin ruwa, hannunka ba ya kaiwa. Saboda haka duk tsarin da za ka yi, ka yi shi yadda wuta za ta mutu kafin ruwan tukunya ya ƙare.

Tukunyar da jan ƙarfe ake yinta, a liƙe ta da waldar azurfa, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 600 a ma'aunin Celsius. Dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙi da ita ba ta wannan aikin ba ce, kafin digiri 200 ta saki. Kada kuma a yi gangar tukunya da tagulla mai gaurayen tutiya, don ruwan zafi yana cinye tutiyar a hankali, ƙarfen ya zama holoƙo alhali ido na ganinsa lafiya lau. Yawancin ƙananan injinan nan suna aiki ne a matsin bar 2 zuwa 3 (bar ma'aunin matsi ne). A bar 3 ruwan da ke ciki ya haura digiri 140, to ba abin wasa ba ne.

Sabuwar tukunya sai an gwada ta kafin ta ga wuta. A cika ta da ruwa maƙil, a kori iska duka, a buga famfo har geji, wato agogon auna matsi, ya nuna ninki biyu na matsin aiki, wato bar 6 ga mai aiki a bar 3. Me ya sa da ruwa? Ruwa ba ya matsuwa, in akwai rauni ɗiga kawai za ka gani. Da iska aka yi, fashewa za ta yi. Bayan nan a kunna wuta gaba ɗaya, a rufe hanyar inji, a tabbata bawul ɗin kariya, mai sakin tururi in matsi ya yi yawa, yana buɗewa a inda aka saita shi, allurar geji kuma ba ta ci gaba da hawa.

Yanzu maganar wuta da ruwa, inda nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Makamashin da aka fi amfani da shi gas ne, biyuten zalla ko gauraye da furofen, kashi 70 da kashi 30. Ka ɗora kayan a kan tebur, ka zuba ruwa kashi uku cikin huɗu na tukunya, ka cika tankin gas, ka bar inji ya yi ta gudu har wuta ta mutu da kanta. Sannan ka duba gilashin ruwa, wato wanda ke nuna yawan ruwan da ke cikin tukunya. In har yanzu ana ganin ruwa a ciki, madalla. In gilashi ya bushe wuta na ci, tankinka ya yi wa tukunyar girma, sai ka rage shi ko ka sa famfon da inji ke juyawa yana ƙara ruwa. Tukunyar da ta bushe a kan wuta jan ƙarfenta yana laushi, liƙinta ya raunana, sai an sake gwajin ruwa kafin a amince da ita. Kada kuma tsoro ya sa ka cika ta fal, don ruwa zai bi tururi ya shiga silinda, inji ya riƙa tari yana fesar da ruwa ta bututun hayaƙi.

Gas yana da halinsa. Yayin da yake fita, tanki na yin sanyi, matsinsa ya faɗi, harshen wuta ya ƙanƙance, jirgi ya rage gudu ba gaira ba dalili. Maganinsa tankin ya riƙa samun ɗan ɗumi daga tukunya, ɗumin da hannu zai iya jurewa, ba fiye ba. Kuma gas ya fi iska nauyi, in ya zubo a ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran ashana. A cire tanki a cika shi a waje, nesa da wuta. Shi ya sa buɗaɗɗen jirgi, mai tsawon kamar mita ɗaya, ya fi wa mai farawa. Rufaffe sai an yi masa ƙofofin iska, in ba haka ba murhu ya shaƙe ya mutu, gas kuma ya ci gaba da tsiyaya.

Inji kuwa, a zaɓi mai silinda biyu masu karɓar tururi ta gaba da baya, waɗanda aka karkata hannuwan karanshaf ɗinsu da digiri 90. Mai silinda ɗaya in fistan ya tsaya a ƙarshen tafiyarsa ba ya tashi sai an taɓa shi da yatsa, wa zai taɓa maka shi a tsakiyar ruwa? Injin da silindarsa ke lilo ya fi sauƙi, bawul ɗaya ke ba da gaba, baya da tsayawa, sarbo ɗaya, wato ƙaramin injin lantarki da rimot ke motsawa, ya ishe shi. Sarbo na biyu na allon tuƙi ne, mai karkatar da jirgi. Na uku, wanda ni a ganina bai kamata a yi rowarsa ba, shi ne mai rufe gas. A saita risiba, mai karɓar siginar rimot, yadda in sigina ya ɗauke za ta rufe tururi da gas da kanta. Sarbo da risiba da batir a nesanta su da tukunya, a kare su daga danshi.

Farfela babba mai faɗin ganye ake so, don injin tururi ƙarfin murɗawa gare shi, ba saurin juyi ba. Shaf, wato sandar da ke juya farfela, ya miƙe sak da inji. A ɗaure tukunya da inji a kan faranti ɗaya na alminiyam, can ƙasa, don nauyi a sama kifar da jirgi yake yi. A lulluɓe tukunya da siraran katako, bututu kuma a naɗe shi da zare.

Wani ya tambaya ko baƙin man injin mota zai yi wajen shafa wa silinda. A'a. Man silindar tururi daban yake, mai kauri ne, an yi shi don ya jure zafi da ruwa. Ana zuba shi a ɗan kwalbar ƙarfe da ke kan bututun tururi. Tururi kaɗan yana shiga ya zama ruwa, ruwan ya nutse ƙasa, ya turo mai sama zuwa inji. Bayan kowace tafiya a zubar da ruwan, a ƙara mai. In ka buɗe ba ka ga ruwa ba, ramin ya toshe, injinka a bushe ya yi gudu. A hanyar fitar tururi kuma a sa tankin da ke tare man, kada a ɓata tafki.

In an dawo, a kashe gas, a rufe bawul ɗin tururi. Tukunya in tana hucewa zuƙa take yi, in hanya a buɗe take sai ta jawo man silinda cikinta, ruwa ya riƙa kumfa, gilashi ya daina nuna gaskiya. Da geji ya sauka sifili, a sassauta murfin zuba ruwa iska ta shiga.