Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni na Jihar Kaduna, daga Kwamitin Masu Kishin Wasanni na Zariya

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, barka da zuwa birnin Zazzau. Aikinka ya riga ka isowa, don haka ba za mu tsaya dogon kirari ba. Buƙatarmu ɗaya ce, da ita za mu fara: a gyara mana filin wasa na gari.

Zariya ba baƙuwar wasanni ba ce. Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ana dambe da kokawa a nan bayan kaka, ga hawan Sallah da ke tara dubban baƙi kowace shekara, mu sauke su, mu ciyar da su. A nan aka haifi Shola Ameobi da ya buga wa Newcastle. A nan Masai Ujiri ya koyi ƙwallon kwando, shi ne ya jagoranci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019.

To amma, ranka ya daɗe, jiharmu ta karɓi Gasar Wasanni ta Ƙasa a 1977 da 2009, an buga wasu wasannin kofin duniya na ƙwallon ƙafa na matasa a garin Kaduna a 1999 da 2009. Mun hau mota mun je mun yi tafi, mun dawo gida. Shi ya sa yau in aka ta da zancen karɓar babbar gasa, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har tashar Kwangila, tambaya ɗaya za ka ji: mu me za mu samu? Mai otal a Sabon Gari da ɗan acaba da mai tuwo ba sa ƙin baƙi. Cunkoso da tsadar kaya suke gudu in ribar ta tsaya a wani gari. Da ɗan gari kan ci gari.

Saboda haka muna roƙo, duk ranar da jiha ta sake neman wata gasa, a ba Zariya wasu wasannin, a kuma zauna da masu unguwanni da 'yan kasuwa tun kafin a yanke shawara. Sai dai ba za a kawo wasa inda babu ciyawa, babu fitila, babu wurin zaman 'yan kallo ba. Filin nan dai, ranka ya daɗe. A sa shi a kasafin kuɗi mai zuwa. Muna roƙon ka taka ka gan shi da idonka kafin ka kama hanyar Kaduna.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Zazzau, ya mai da kai gida lafiya.