Gidansa, gidan wa? Lacca kan kalmar "apna" a harshen Fanjabi

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Zan fara da wata jimla ta Hausa da kullum muke faɗa ba mu lura da ita ba: "Audu ya tafi gidansa." Gidan wa? Yana iya zama gidan Audun, yana iya zama gidan wani mutum da aka ambata ɗazu. Mu dai zance ne ke warware mana. To Bafanjabe bai yarda da wannan ba, shi a nahawunsa tilas ka faɗi gidan wa kake nufi.

Fanjabi, ga wanda bai sani ba, harshen yankin Fanjab ne, wanda aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947. Masu magana da shi sun haura miliyan 100. A Amritsar ta Indiya da haruffan Gurmukhi ake rubuta shi, a Lahore ta Pakistan kuma da Shahmukhi, mai kama da ajaminmu. Amma abin da zan nuna muku yau ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Idan mutum gidan kansa ya tafi, sai a ce "oh apne ghar gia". Idan gidan wani ne, "oh us de ghar gia". Wato duk lokacin da mai abu shi ne mai aikin da ke cikin jimlar, "apna" ce ke shiga. Ku dubi inda abin zai kai mutum. "Gharwali" ita ce matar mutum, kusan yadda muke cewa uwargida. Kana son ka ce abokinka ya zo da matarsa, sai ka ce "oh us di gharwali nal aia". Wallahi ka ɗaura masa jakar tsaba, domin abin da aka ji shi ne da matar wani ya zo! Daidai ɗin shi ne "oh apni gharwali nal aia".

Yanzu inda Bahaushe ke tuntuɓe. Mu kalmar "kai" muke ɗauka mu liƙa mata wakilin suna: kaina, kanka, kanki, kansa, kanmu, kansu. Tana sauyawa da mai magana. Ita "apna" ba ruwanta da mai magana. Ni ne, kai ne, su ne, duk ita ce. "Main apni kitab parhda han", ina karanta littafina. "Tusi apni kitab parho", ku karanta littafinku. Abin da take bi shi ne jinsin abin da aka mallaka da adadinsa: apna munda, ɗansa, apni kuri, 'yarsa, apne munde, 'ya'yansa maza, apnian kurian, 'ya'yansa mata. Kuma a nan ina ganin mun fi Bature sa'a, don mun saba da haka tun muna goye. Muna cewa doki nasa, riga tasa. Wannan "na" da "ta" ai rigar da dokin suke bi, ba mai su ba. Sai dai kada ku ɗauki jinsin Hausa ku kai can. Littafi a wurinmu namiji ne, "kitab" a wurinsu mace ce, shi ya sa kuka ji "apni".

Wani zai ce, ai "ghar" namiji ne, me ya kawo "apne ghar"? Tambaya mai kyau. Idan suna ya zama wurin da aka nufa, ko wata ƙaramar kalma irin "vich", wato cikin, ta biyo bayansa, "apna" kan koma "apne". Ba jam'i ba ne, gida ɗaya ne.

Inda muke cewa "ya ga kansa a madubi", su sai su ce "us ne apne aap nu shishe vich vekhia". Ƙofa ta buɗe da kanta, "darwaza apne aap khul gia". Zan je da kaina, "main aap jawanga", ko "main khud jawanga". "Khud" ɗin daga Farisanci aka aro ta.

Sai gargaɗi ga 'yan kallon fina-finan Indiya, na san kuna nan da yawa, ga wasu can suna murmushi. Kunnenku ya saba da "aap" ta Hindi, wadda ake girmama babba da ita, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". A Fanjabi na yau da kullum "tusi" ce ke wannan aiki, "aap" kuwa galibi "da kai" take nufi.

Saura furuci. Bakinmu yana son mai da "p" zuwa "f", sai ka ji "afna". A haɗe leɓɓa sosai. Ita kuma "n" ɗin, a naɗe kan harshe baya ya taɓa ganɗa. Bismillah, mu gwada tare, layin gaba tukuna: apna, apni, apne. A'a Malam, har yanzu "f" nake ji. A sake.