Amsoshin Tambayoyinku: Bakin Tekun Shela

Masu sauraro, wasiƙarmu ta yau daga Unguwar Rogo take, nan cikin Jos. Wani malamin makaranta ne ya rubuto, ya ce tunda yake bai taɓa ganin teku ba. Yana so a nuna masa gaɓa mara hayaniya, mai tarihi, wadda zai iya zuwa da maiɗakinsa.

To Malam, ni dai Shela zan nuna maka, wani ƙauye kusa da garin Lamu, a tsibirin Lamu na ƙasar Kenya. Jirgin sama zai sauke ku a tsibirin Manda, ku shiga kwalekwale ku tsallaka. Lungunan garin Lamu sun yi wa mota kaɗan, jaki ne ke dakon kaya har yau. A Shela kuwa rairayi ya miƙe kusan kilomita 12, tuddan yashi a bayanka, ruwa a gabanka. Da hantsi sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ci karo da kowa ba.

Amma da can mashigin ruwan nan da ke tsakanin Manda da Lamu a cike yake da jiragen ruwan fatake, kuma iska ce ke tuƙa su. Lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe a Jos, daga Disamba zuwa Maris, iskar da suke kira kaskazi ke turo jiragen daga Oman da Indiya, ɗauke da dabino da tufafi. Sai su zauna jiran iskar kusi, wadda ke juyowa wajen Afrilu, su koma da hauren giwa da sandunan rufin ɗaki irin azararmu. Har da bayi, wannan ba za mu ɓoye ba. Shugaban jirgi, nahodha, shi ne madugunsu. Zaman watannin nan ya kawo auratayya, Larabci ya shige cikin Suwahili kamar yadda ya shigo Hausa: mu ce labari su ce habari, mu ce alƙalami su ce kalamu. In ka leƙa ƙauyen Matondoni za ka tarar ana sassaƙa irin jiragen da hannu. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin Lamu cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Batun maiɗakinka kuma, Malam, ta kwantar da hankalinta. Garin Musulmi ne, hijabinta ba baƙo ba ne a can, kuma duk shekara ana babban Mauludi a masallacin Riyadha. Abu ɗaya nake roƙonka: igiyar ruwan mashigin tana da ƙarfi, kada ku shiga sai kun tambayi masunta inda ya dace.