Sun Samu Gurbi, Amma Ajin Yana Kan Bene

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro.

Kwanakin baya na je wata jami'a a nan arewa, na tsaya a gindin wani bene ina jiran wani malami. Ƙarfe takwas saura, ɗalibai na ta rububin hawa don su samu wurin zama. Sai ga wani matashi a keken guragu, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ya zo bakin matakala ya tsaya. Bai kira kowa ba, da alama ya saba. Can abokansa biyu suka iso, ɗaya ya durƙusa ya goya shi, ɗayan ya riƙe masa jaka da takalmi, suka hau hawa na biyu. Keken kuwa aka bar shi a rana. Na tambayi mai goyon ko kullum haka suke yi. Ya ce kullum, sai dai ranar da ba su da lacca tare, ranar kuwa sai abin da Allah ya yi.

Allah ya saka wa waɗannan samari da alheri. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin karatun digirin mutum guda ne aka rataya a bayan abokinsa. In abokin ya yi zazzaɓi, karatu ya tsaya.

Kuma ba wai babu doka ba. A watan Janairun 2019 marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara, ta yadda gurgu da makaho za su shiga su fita ba tare da an ɗauke su ba. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga hukuma ko kamfanin da ya nuna wariya, an ma kafa hukumar ƙasa ta kula da lamarin a 2020. Duk wanda ke shiga jami'o'inmu ya san adadin benayen da suka canza tun lokacin.

Inda aka yi ƙoƙari dole a faɗa. Tun 2017 hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, wanda ke shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi daban, har da Kano. Ana karanta musu tambayoyi, su amsa da rubutun makafi ko da na'ura. Wannan ya buɗe wa yara da dama ƙofar jami'a. To amma a bakin ƙofa aikin JAMB yake ƙarewa, shekara huɗun da ke gaba kuwa na jami'a ne.

Ku zo mu shiga aji tare da makaho. Malami ya juya ga allo yana rubutu yana cewa, "In ka ɗauki wannan ka haɗa da wancan, sai ya ba ka wannan." Kowa ya gyaɗa kai. Shi kuwa ɗan'uwanmu ya ji "wannan" sau biyu da "wancan" sau ɗaya, shi ke nan laccarsa. An tashi, an ce a je shagon fotokwafi a sayi takardun darasi. Ya saya da kuɗinsa kamar kowa, amma takarda ce da ba rubutun makafi a kanta, sai ya nemi wanda zai zauna ya karanta masa yana ɗauka a waya, a lokacin da kowa ke fama da nasa karatun. Alhali malamin nan a kwamfuta ya buga takardun. Da zai tura masa su yadda suke, akwai manhajar NVDA, wadda kyauta ce, da za ta karanto masa su kalma bayan kalma. Ko sisi ba za a kashe ba. Abin da ya rage kawai malam ya yarda, kuma ya san cewa hakkin ɗalibin ne.

Kurma ma nasa ya fi ɓoyuwa, don da ƙafarsa yake hawa bene, ba wanda zai lura. Ya zauna awa biyu yana kallon leɓen malami. Sai an kawo masa tafinta mai maganar hannu, kuma tafintan da ya san fannin, tunda wanda ya iya gaisuwa da cinikin kasuwa ba lalle ne ya iya fassara darasin tattalin arziki ba. Muna da inda ake horar da irin waɗannan ma'aikata: Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da sassan ilimi na musamman a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero. Ana yaye su duk shekara, a ɗauke su aiki mana.

Mu 'yan arewa kuma akwai bashi a kanmu na daban. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai 2004, kuma a 2006 kaɗai cutar ta kama yara sama da 1,000 a Najeriya, akasarinsu a nan yankin. An ayyana ƙasar ta rabu da cutar a 2020, muka yi murna. Su kuwa yaran da ta riga ta taɓa ba su rabu da ita ba. Yanzu sun haura shekara 20, su ne a bakin matakalar nan. Iyayensu sun ƙi tura su bara a kan titi, sun jure kuɗin makaranta tun firamare, sun kawo su har nan.

Shugabannin jami'o'i za su ce babu kuɗi. Na yarda na'urar hawa bene na da tsada, ga wuta ba tabbas. Amma kowace jami'a na iya ware ofishi guda da ma'aikaci mai cikakken iko, wanda tun ranar rajista zai san ɗalibai nawa ne ba sa gani, nawa ne ba sa ji, nawa ne ke kan keke. Shi zai nemar musu ƙarin lokaci a jarrabawa, ya kama musu ɗaki a ƙasa kusa da banɗakin da keke zai shiga, ya sa a rufe kwatocin da ke buɗe a kan hanyar makafi. Asusun TETFund da ke ba da kuɗin sababbin gine-gine kuma kada ya amince da zanen da ba a yi wa keke hanya ba.

Kafin in bar wancan benen na leƙa ƙasa. Akwai aji babba a nan, ƙofarsa daidai da ƙasa, wasu ɗalibai na ciki suna lacca, ban ga mai keke ko ɗaya a cikinsu ba. Mai tsara jadawalin darasi ne kaɗai ake buƙata ya musanya azuzuwan nan biyu, waɗannan su hau, ajin yaron nan ya sauko.

Sai an jima, mu kwana lafiya.