Wa Ake Bari Idan An Fara Sallamar Ma'aikata?

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? Wanda ba ya ji ya ɗaga hannu. (Dariya.) To, madalla.

An ce in yi magana a kan yadda ake samun aikin fasaha, da yadda ake riƙe shi idan tattalin arziki ya karye. Abu huɗu na rubuto a wannan 'yar takardar. Huɗu, ku riƙe ni a kai.

Amma kafin na farko, bari mu fahimci abin da ke jawo sallamar, domin da yawanku kun ɗauka wanda aka sallama rago ne. Ba haka ba ne. Ku dubi 2022. Shekara da shekaru kuɗin ruwa a Amurka yana kusa da sifili, wato bashi araha, masu zuba jari suna watsa kuɗi a duk kamfanin da ya ce zai girma gobe. Ga kullen korona ya tura kowa intanet. Kamfanin Meta, mai Facebook, yana da ma'aikata kusan 45,000 a ƙarshen 2019, kafin ƙarshen 2022 sun haura 87,000. Sai babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2022, bai tsaya ba sai da ya wuce kashi 5 cikin ɗari a 2023. Masu jari suka daina tambayar "yaushe za ku girma?" suka koma "ina ribar?" A watan Nuwamba Meta ta sallami mutum 11,000. A Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Waɗannan mutanen da daddare ba su manta yadda ake rubuta manhaja ba. Kiɗa ne ya canza.

Kuma ba sabon abu ba ne. Manyan cikinku sun tuna 2000. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq ya haura 5,000 a watan Maris na shekarar, kafin Oktoban 2002 ya zubar da kusan kashi 78 cikin ɗari. Sai 2008, da bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Abin zuwa yake ya tafi, ya sake dawowa.

To, na farko. Ka san inda kuɗin kamfaninku ke shigowa, ka matsa kusa da wurin.

Bari in ba ku labarina, don ni ma an taɓa sallama ta. E, ni ɗin nan da aka kira in ba ku shawara. (Dariya.) Wani kamfani ne, ba zan faɗi suna ba. Ni ina sashen da ake ji da shi, masu gina sabon abu. Mu ake nuna wa baƙi. Kullum muna kan sabon yaren manhaja, sabon salo, allonmu cike da zane-zane. A can lungu kuma akwai wani dattijo, teburinsa kusa da na'urar buga takardu, inda babu mai son zama saboda ƙara. Aikinsa shi ne kula da tsohuwar manhajar da ke fitar da takardun biyan kuɗi ga kwastomomi duk ƙarshen wata. Manhajar ta tsufa, babu mai son taɓa ta. Allon kwamfutarsa baƙi ne da rubutu kore, kuma yana da wani littafi mai bangon kwali, duk gefensa ya lanƙwashe, inda yake rubuta kowace matsala da ta taɓa tasowa da ranar da ta taso da yadda ya magance ta. Mu muna yi masa dariya a ɓoye. Allah Ya yafe mana.

Ran da abin ya zo, da asuba na buɗe kwamfuta, ta ƙi karɓar kalmar sirrina. Na sake bugawa, ta ƙi. Na ce ko yatsana ne. A karo na uku na duba waya, sai ga imel. Sashenmu kaf, mu da allonmu. Dattijon nan kuwa ko kujerarsa ba a matsar ba.

Na daɗe ina jin haushi, ina cewa ai na fi shi ilimi. Wataƙila ma na fi shi ɗin. Amma ku sa kanku a kujerar wanda aka ba jerin sunaye aka ce ya rage kashi goma cikin ɗari kafin Litinin. Bai san ka ba. Bai taɓa karanta layi ɗaya na abin da ka rubuta ba. Tambaya ɗaya yake yi a kan kowane suna: idan wannan ya tafi, me zai lalace, kuma yaushe? Idan na tafi, wani abu da ake sa ran zai kawo kuɗi nan da shekara biyu zai yi jinkiri. Idan dattijo ya tafi, ƙarshen watan nan babu takardar biyan kuɗi, babu kuɗi, babu albashin shi kansa mai riƙe da jerin sunayen. Ina lissafin yake da wuya?

Me zai lalace, kuma yaushe. Ku rubuta wannan. Malam mai jar hula, na ga ba ka rubutu. (Dariya.)

Ga misalin da ya fi nawa. Akwai yaren manhaja da ake kira COBOL, an ƙirƙire shi a 1959. Ya girmi kusan kowa a ɗakin nan. An yi masa jana'iza ba adadi. A watan Afrilun 2020, da mutane suka rasa aiki saboda korona suka yi dafifi wajen neman tallafin marasa aiki, tsarin jihar New Jersey ya kasa ɗauka, har gwamnan jihar, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Ana tsakiyar sallamar miliyoyin mutane, gwamna yana neman masu yaren da aka ce ya mutu. Bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati da yawa har yau a kansa suke tafiya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kar wani ya fita nan ya ce na ce kowa ya je ya koyi COBOL. Ban ce ba. Abin da nake cewa, a kowane wurin aiki akwai ayyukan da ba su da ƙyalli amma ba a iya kashe su ko na awa ɗaya. Tsarin karɓar kuɗi. Rumbun bayanai da ajiyar kwafinsa. Tsaron intanet, domin ɓarayin bayanai ba sa tafiya hutu don tattalin arziki ya karye. Abin da doka ta tilasta wa kamfani ya yi ko yana so ko ba ya so. Sannan rage kashe kuɗi: idan kamfaninku yana hayar sabar, wato manyan kwamfutocin da manhaja ke gudana a kansu, daga Amazon ko Microsoft, ka je ka nemi ganin takardar kuɗin wata. Sau da yawa za ka tarar da injuna a kunne da wani ya buɗe don gwaji tun bara, ya manta, ana ta biya. Wanda ya kashe su ya rubuta wa manaja cewa ga abin da aka rage duk wata, to ya ba manajan abin da zai kare shi da shi ranar da za a shiga ɗaki a rufe ƙofa.

Saboda wannan ma ku lura. Manajanka zai shiga taron da ba ka ciki. Za a ce masa, wane fa? Idan abin da zai iya cewa shi ne "yaron kirki ne, yana da ƙoƙari," ka tafi. Kowa yaron kirki ne. Sai ka sa masa magana a baki tun kafin ranar.

Wani zai ce, to sai in ɓoye ilimin, in zama ni kaɗai na san yadda abin ke aiki. A'a. Wannan dabarar na ga ƙarshenta. Ana haƙuri da kai ne kawai ana neman hanyar rabuwa da kai, kuma ranar da aka samu ba a waiwaye. Dattijon nan littafinsa a kan tebur yake, kowa na iya buɗewa. Ba sirri ya riƙe shi ba, aikin ne babu mai son ɗauka, shi ya ɗauka ya kuma iya.

Kuma kar in yi muku ƙarya, wannan ba laya ba ce. Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022, kusan rabin ma'aikata aka sallama cikin 'yan kwanaki. A irin wannan guguwar babu ruwan kowa da me zai lalace. Akwai sallamar da duk abin da ka yi sai ta same ka.

Wanda ya kawo mu na biyu. Ko na uku ne? Na biyu. Shugaba yana nuna mini agogo, to bari in yi sauri.

Ka riƙa rubuta abin da ka yi duk mako, a wurin da yake naka. Ni ranar da kwamfuta ta kulle, duk tarihin aikina na shekaru yana ciki. Da na zauna rubuta CV sai na rasa abin faɗa. Ba bayanan kamfani nake cewa ka kwashe ba, wannan laifi ne, zai iya kai ka kotu. Layi biyu kawai: ga matsalar, ga abin da na yi, ga abin da ya canza. Haka nan lambobin abokan aiki, kar su zauna a imel ɗin ofis kaɗai.

Na uku, maganar mutane. Wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya wallafa bincike a 1973. Ya tambayi waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, sau nawa suke ganin mutumin. Mafi yawansu suka ce jefi-jefi, ko ma da wuya. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, wurin da ka ji ana ɗauka shi ma nan ya ji. Wanda kuka yi aiki tare shekara biyar da suka wuce, shi ke wata duniyar. A lokacin matsi gurbi ɗaya ɗaruruwa ke nema, babu mai karanta takardun duka, sai a tambayi na ciki ko ya san wani. To zumunta a ƙafa take. Kar sai ranar da aka sallame ka za ka tuna da lambarsa.

Na huɗu, ajiya. Ku tara abin da zai riƙe ku wasu watanni, domin mai yunwa ba ya ciniki, abin da aka miƙo masa yake karɓa. Masu aiki da biza su san dokarsu: a Amurka mai bizar aiki ta H-1B, idan an sallame shi, kwana 60 yake da shi ya sami wani aikin. Akwai kuma... na ce huɗu ko? To wannan kyauta ce. Ku daina kallon kamfanonin fasaha kaɗai. Asibitoci, bankuna, jami'o'i, kamfanonin jigilar kaya, duk suna da kwamfutocin da ke lalacewa.

Akwai tambaya? Malama, a miƙa mata makirufo.

(Wata daga cikin masu sauraro ta ce bana ta gama karatu, duk tallar aiki tana neman gogewar shekara uku, ga shi ana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta cinye aikin masu farawa.)

Ƙanwata, kin yi tambayar da ta fi laccar. Gaskiya ku abin ya fi dannewa. Idan an sallami mai shekara goma, shi ma ƙaramin gurbin zai nema, ku yi layi ɗaya. Kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, irin ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga ya koya da su, na'ura tana yin da yawansu cikin daƙiƙa. Ba zan ce miki ba haka ba ne.

Yawanci a nan ake kawo labarin Brian Acton, wanda Twitter da Facebook suka ƙi ɗauka a 2009, ya je suka gina WhatsApp da Jan Koum, Facebook ta dawo ta saye shi a 2014 kan kusan dala biliyan 19. Labarin gaskiya ne, amma ba na son ba wa sabon shiga shi. Mutumin ya riga ya shafe shekaru a Yahoo kafin nan. Ba a matsayinki yake ba.

Abin da zan ce miki, na'ura tana rubuta manhaja, amma idan abin ya fashe da ƙarfe biyun dare ba ita ake kira ba. Ki koyi karanta abin da wani ya rubuta, ki gano inda ya karkace. Ki je GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ki sami wata manhaja ta kyauta da mutane ke amfani da ita da gaske, ki buɗe jerin ƙorafe-ƙorafen, ki ɗauki ƙaramin da ya daɗe babu wanda ya kula shi. Ki gyara. Za su dawo miki da shi su ce ba daidai ba, ki sake. Ranar da suka karɓa, kina da abin nunawa a intabiyu wanda ya fi aikin gwaji guda ashirin da kowa ya kwafo daga bidiyo ɗaya. Kuma idan aka ba ki aikin amsa ƙorafin kwastomomi, ko gwada manhaja, ko kwantiragin wata shida, kar ki ce ya yi miki kaɗan. Daga teburin ƙorafi ake ganin abin da ke lalacewa kafin kowa ya gani.

Wane yare kika karanta? Python? To ki tsaya bayan an tashi, akwai wasu biyu a layin gaba da nake so ku gaisa. Shugaba, na ga ka miƙe, ga makirufonka.