Ƙauye a gindin benayen Kuala Lumpur

Assalamu alaikum mutanen gida. Nan biyar ta yamma ce, ku kuwa goma ta safe, na san masu zuwa gona sun yi nisa da aiki. Inna, kin ce kin gaji da ganin fuskata kaɗai a waya, kina son ganin inda nake kwana. To ga shi, yau da ke zan zaga unguwa.

Sunan unguwar Kampung Baru, a nan Kuala Lumpur babban birnin Malesiya, a yarensu Sabon Ƙauye ke nan, ko da yake sabuntar ta daɗe da wucewa. Tun 1900 Turawan Ingila suka keɓe wa Malayawa wannan fili su zauna su yi noma, shekara uku kafin su shiga Kano. Birni ya girma ya zagaye ta, ita tana nan.

Bari in juya kyamara. Kun ga gidan can na katako mai rufin kwano? Ga ayaba, ga gwanda, ga kaji suna tono a tsakar gida, kamar dai bayan gidanmu. Yanzu ku ɗaga ido. Waɗancan tagwayen benayen su ne Petronas, hawa 88, tsawonsu mita 452. Mai kajin nan da ƙafa yake zuwa gindinsu, ta wata gadar masu tafiya da aka buɗe a 2020, wadda ta haye kogin Klang da babban titi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙafafun gidan. Ku duba, ɗakunan ba su taɓa ƙasa ba, a kan ginshiƙai suke, kowane ginshiƙi kuma an ɗora shi a kan dutsen siminti. Ruwan sama a nan ba ya jiran damina, sai ya zubo kamar da bakin ƙwarya cikin awa guda. Ya zo ya bi ta ƙarƙashi ya wuce, mutane suna sama a bushe. In rana ta fito, ƙarƙashin nan ya zama inuwa, a ajiye babur, a shanya kaya, iska kuma tana ratsawa ta sanyaya ɗaki. Ranar da na fara lura da haka, ambaliyar 2022 ce ta faɗo mini, lokacin da kogin Haɗeja ya cika, katangun ƙasa suka sha ruwa suka zube a ƙasarmu ta Ringim, muka kwashe hatsi cikin dare. Na sani katako ya yi mana tsada, gara ma ba za ta bari ba. Amma Kawu, don Allah in za a tayar da ɗakin Inna, a ce wa magini ya ɗaga dandamalin sosai, ko da layi huɗu ne na bulo kafin a fara jikin ɗaki. Kuɗin bulon ni zan turo.

Ga magudanar ruwansu, zurfinta ya kai gwiwa, wani wurin ya fi. Famfo yana cikin kowane gida. Tun da na zo ban kwana da ƙarar janareta ba. Tashar jirgin ƙasa tana can ƙarƙashin ƙasa, tasha ɗaya ka sauka a tsakiyar birni. Babban asibitin gwamnati da kasuwar Chow Kit duk ba nisa, a can nake sayen kuɓewa da busasshen kifi.

Wannan shi ne masallacin Juma'ar unguwa. Da azumi a nan ake dafa wani faten shinkafa da nama da kayan ƙamshi, bubur lambuk suke ce masa, a manyan tukwane, a raba wa kowa kyauta bayan la'asar. Na sha bin layin, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina nake.

Ba duka ne da kyau ba. Wasu gidajen katakon sun ruɓe, masu su sun tashi, an yanyanka ɗakunan an zuba 'yan haya baƙi. Lungunan sun matse, motoci sun cushe su. Ɗakina yana saman wancan ƙaramin benen, mu biyu a ciki, zafi da gumi sai fanka.

Filin nan kuwa a doka Bamalaye ne kaɗai yake mallakarsa. An yi shekaru gwamnati da masu kuɗi suna son a rushe a yi dogayen gine-gine, maganar tana cijewa a kan farashi da kuma gado, domin fili ɗaya sai ka tarar da magada da yawa, kowa sai ya yarda. Wasu suna son sayarwa, ban ga laifinsu ba. Wasu kuma sun ƙi, shi ya sa har yau jikokinsu suke kwana a gidan kakanni, jirgi da asibiti a ƙofarsu.

Yaya, na ji an ce wani ya zo yana taya gonarmu ta bakin titi. Ina roƙonka kada a sa hannu a kan komai sai an zauna da su Goggo da kowa mai haƙƙi, ni ma a kira ni ko da a nan tsakar dare ne. Kakanninmu da suka share ta ba su san kwalta za ta biyo ta wurin ba.

Hadari ya haɗo ta bayan benayen, kun ga yadda gari ya yi duhu. Bari in ruga kafin wayar ta jiƙe. Inna, a gaida mutan gida, gobe in Allah ya kai mu zan shiga da ke kasuwa.