Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina, daga Kwamitin Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Unguwarmu

Assalamu alaikum.

Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe, barka da zuwa. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafi ba. Kukanmu ɗaya ne, da shi za mu fara: fili muke roƙo, da takardar mallakarsa.

Ranka ya daɗe, Kano ce uwar wannan sana'a. Daga tashen azumi aka hau dandamali, daga dandamali aka shiga talabijin, har 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa suka fito da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Ƙungiyoyin sa-kai ne suka reni masana'antar fim, amma da ta yi ƙarfi sai aka bar su a rana.

Girman ƙungiya irin wannan hawa-hawa ne. Samari ne ke farawa da karo-karo, suna gwaji a ajin firamare bayan an tashi. Daga nan a rubuta tsarin mulki, a zaɓi amintattu, a nemi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi: sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Sai takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, sannan asusun banki da mutum biyu ke sa wa hannu. Ƙungiyar da ta bar kuɗinta a aljihun shugaba, ranar da ya yi fushi ko ya rasu ta watse. Duk waɗannan hawan mun haye su.

Inda ake maƙalewa shi ne matsuguni. Masu ba da tallafi ba sa sakin ko sisi sai sun ga adireshi tsayayye da rahoton mai binciken kuɗi. Shagon haya kuwa, damina ɗaya ta ishe shi: danshi ya cinye riguna da rawuna, gara ta shiga akwatin rubutattun wasanni, fatar kalangu ta saki. Mai gida ya ƙara haya, a kwashe kaya, yaran da aka shekara ana koya wa su tarwatse.

Fuloti biyu sun ishe mu, kowanne ƙafa 50 a 100: zauren gwaji, ɗakin ajiya, banɗaki. Bulo da leburanci a wuyanmu. Muna kuma son a horar da sakatarenmu da ma'aji kan riƙe littafin kuɗi, amma wannan zai iya jira. Filin ne ba zai jira ba, ranka ya daɗe.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.